Shafukan da Malam Mijinyawa Bai Aika Ba

A Durun, idan aka ce Malam Mijinyawa ya yabi abu, mutane kan tashi su je su gani da idonsu, don abin bai cika faruwa ba. Ba mugu ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da Allah ya yi wa ƙyamar yabon ƙarya. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Hausa a makarantun sakandare tsakanin Kabo da Gwarzo, kuma tun kafin ya yi ritaya yake da fili a wata ƙaramar jaridar Hausa ta Kano, irin waɗanda yanzu aka fi karantawa a waya. A nan yake sharhi kowane mako, yau littafi, gobe wasan kwaikwayon ɗalibai, jibi aikin masaƙa ko na masu zanen ƙwarya da aka baje a wani taro. Masu aikin suna tsoronsa, suna kuma roƙon ya zo, saboda kowa ya san wanda Malam ya ce ya iya, to ya iya ɗin.

Yana da ƙa'idojinsa na sharhi, kuma yakan karanta su ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a benci, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Sau uku ake zuwa ganin aiki, in ji shi. Zuwan farko ka bar biro a gida, ka je da ido kawai. Zuwa na biyu ka rubuta abin da ke gabanka, girma da launi da abin da aka zana, yadda wanda bai je ba zai ji kamar ya je. Sai a zuwa na uku za ka tambayi zuciyarka me aikin ya yi mata. Idan ka zo rubutu kuma, alheri ne a gaba, aibi a baya, kuma babu wanda ake haɗiyewa a cikinsu.

Wannan mutum yana da ɗa mai zane, sunansa Sharfaddeen, kuma shi ne ɗan farinsa. A gidansu, kamar sauran gidajen da kakanninsu makiyaya ne, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Alkunya ce da aka gada, babu wanda ya taɓa zama ya tambayi dalilinta. Tun da aka yaye yaron aka kai shi wurin kakarsa, Inna Yelwa, mahaifiyar Malam, a rugarsu ta kusa da Masanawa, a can ya girma cikin shanu har ya isa shiga makarantar kwana. Daga baya shanun suka ƙare, wasu ciwo ya ɗauke, sauran aka sayar aka sayi gona, ita ma Inna ta koma ga Mahaliccinta. Yaron ya yi karatu, ya zama malamin zane a wata sakandare a Gwarzo, yanzu shekararsa talatin da ɗaya. Duk bayan mako biyu yakan zo Durun, ya durƙusa a bakin zaure ya gaida mahaifinsa, shi kuma ya amsa yana kallon gefe. Idan dole ta sa a yi maganarsa, Malam kan ce "ɗan Inna", mahaifiyarsa Hajaratu kuma ta ce "wancan na Gwarzo". Suna sonsa fiye da yadda baki zai faɗa, kuma bakin bai taɓa faɗa ba.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, wayar Malam ta yi ƙara. Ja'afar ne, editan jaridar, wanda tsohon ɗalibinsa ne. Bayan sun gama tambayar gida da iyali da yadda damina ta kwashe, Ja'afar ya shiga maganar da ta sa ya kira.

"Malam, Sharfaddeen zai yi baje kolin zane-zanensa a Gwarzo, daga Juma'a zuwa Lahadi. Muna so ka yi mana sharhi."

"Ka nemi wani," in ji Malam. "Ba a sa mutum ya yi alƙalanci a gidansa."

"Wa zan nema, Malam? Yaran da nake da su hoto za su ɗauka su rubuta 'abin ya ƙayatar' su dawo. Kuma gaskiya ba ni na fara kawo sunanka ba. Shi ya roƙa."

Malam ya ce zai yi tunani, ya kashe wayar. Da ya shiga cikin gida ya tarar da Hajaratu tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta yi magana, kamar da waken take yi.

"Wancan na Gwarzo ya zo shekaranjiya kana gona. Ya ce shekara goma ke nan yana wannan zane, har yau bai san ko ya iya ba. Abokai na cewa ya yi kyau, amma ai abokai ne. Ya ce abin da ka rubuta shi zai bi. In ka ga akwai wani abu a hannunsa, ya ci gaba. In babu, ya ajiye, ya riƙe koyarwarsa kawai."

"Shirme ke nan," in ji Malam. "Mutum ya rataya aikin shekara goma a bakin biron tsoho?"

"Ni dai na isar da saƙo."

Ya yi ta faɗa shi kaɗai har azahar, amma ranar Juma'a da sassafe sai ga shi ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, ya zare biro daga aljihu ya ajiye a kan taga, ya tare mota zuwa Gwarzo.

A ɗakin taron makarantar aka yi abin. An tura bencina gefe, an jera alluna goma sha bakwai a jikin bango, kowanne yadi ne da aka miƙe a kan katako aka yi zanen fenti a kai. Sharfaddeen na tsaye a bakin ƙofa yana tarbar baƙi. Da ya hango mahaifinsa ya durƙusa har ƙasa, Malam ya ce "yauwa, sannu" ya wuce ciki kamar wanda ya zo wurin wani daban.

Bai yi taku biyar ba ya tsaya. Rugar Masanawa ce a bangon nan gaba ɗaya, rugar da yau in ka je gonar dawa za ka tarar. Ga bukkar Inna da ƙoranta a kife a kan gado. Ga garke yana gangarawa mashaya da yamma, farare tas, ja guda ɗaya a tsakiya, kuma Malam ya gane ta, don shi ya sayo uwarta da albashinsa na farko. Ga hannuwan Inna kaɗai, babu fuska, suna riƙe da ƙwaryar nono, har da tabon ƙunar da ke bayan babban yatsanta. Yaron da ya bar rugar nan yana ɗan shekara goma sha biyu ya riƙe duk wannan a kansa, bai taɓa ce wa kowa komai ba.

Allo na ƙarshe shi ya gama da shi. Dangwali ne, wato doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a kai, a miƙe tsakanin turaku biyu, kuma babu maraƙi ko ɗaya. Maɗauran suna kwance a ƙasa a buɗe, ciyawa ta fara tsirowa ta cikinsu. Babu mutum a zanen, babu dabba. Malam ya tuna safiyar da aka kora shanun ƙarshe kasuwa, Inna ta hana a kwance igiyar, ta ce a bar mata ita. Ya zaro hankici ya yi kamar gilashinsa yake gogewa, ya daɗe yana gogewa, sannan ya fita ta ƙofar baya don kada ya haɗu da kowa.

Ranar Asabar ya dawo da biro da littafi, ya yi aikinsa kamar yadda ya saba yi wa kowa, kuma idon da ya ga alheri jiya ya ga aibi yau. A zanen mashaya inuwar shanun ta faɗi gabas, ta bishiyar kuma ta faɗi kudu, kamar rana biyu ce a sama. Sararin sama a alluna shida shuɗi iri ɗaya ne, ko na asuba ko na la'asar. Sai kuma babban kuskuren, wanda ya sa Malam ya yi tsaki a fili: an zana saniya tana tashi daga kwance da ƙafafun gaba. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke ya san saniya da ƙafafun baya take fara miƙewa, doki ne ke farawa da na gaba. Ya rubuta duka, bai rage ba.

Ranar Lahadi ya koma zuwa na uku, kuma a ranar ne ya haɗu da yayansa, Alhaji Baƙo, wanda ya zo daga Kara da wasu dattawan dangi biyu. Alhaji Baƙo mutum ne mai barkwanci, irin wanda maganarsa kan ba kowa dariya ban da wanda aka yi ta a kansa. Ya tarar da Malam a gaban zanen dangwali, ya dafa kafaɗarsa.

"Mijinyawa, an ce kwana uku kana zarya a nan. Wai har a jarida za ka rubuta?"

"Aiki ne aka ba ni, Yaya."

"To, madalla. Mu dai mun ga maroƙan sarki, mun ga na attajirai, amma maroƙin ɗan farinsa sai a kanka za mu fara gani. Ka faɗa mana ranar, mu sayo maka kalangu."

Dattawan suka yi dariya, shi ma Malam ya yi, don babu yadda zai yi. Amma maganar ta bi shi cikin mota har Durun, ta zauna da shi a kan tabarma, ta hana shi jin daɗin tuwo.

Ranar Litinin bayan ya karya kumallo ya shimfiɗa buzu a zaure ya fara rubutu. Shafi huɗu ya cika da ƙananan haruffansa na tsohon malami. A shafi na ɗaya ya faɗi wuri da rana da yawan allunan da abin da ke cikin kowanne. A na biyu da na uku ya saki hannu. Ya rubuta cewa shekara ashirin yana zuwa irin waɗannan taruka bai ga mai zanen da ya san nauyin shiru kamar wannan ba. Ya rubuta cewa mutumin da ya iya zana rashin garke ba tare da ya zana hawayen kowa ba, an ba shi abin da ba a koyarwa a aji. Ya ce hannuwan tsohuwar nan sun fi fuskoki ɗari magana. A shafi na huɗu ya kawo inuwa da shuɗin sama da saniyar da ta tashi kamar doki, ya ce da alama mai zanen ya daɗe da barin garke, ya rufe da cewa irin waɗannan kurakurai ba su dace da wanda ya shekara goma yana zane ba.

Ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, ya san bai taɓa rubuta sharhin da ya kai wannan gaskiya ba. Sai kuma ya hango shi a waya, ana miƙa wa juna a majalisar ƙofar gidan Alhaji Baƙo, wani yana karantawa da ƙarfi yana kwaikwayon muryarsa. Ya hango matan dangi a gidan suna suna tambayar Hajaratu ko ita ma za ta fara kiran sunan ne. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, shi kaɗai a zaure.

Daga nan sai ya fara yi wa kansa huɗuba, kuma mai ilimi idan zai ruɗi kansa ya fi kowa iyawa. Ai yaron ɗan gida ne, ya san al'ada. Ai ya ga mahaifinsa ya zo sau uku, ya tsaya a gaban allo ɗaya kusan rabin awa, wane yabo ne ya wuce wannan? Ai ko Inna haka ta yi masa shi kansa, ranar da ya kawo takardar kammala kwaleji ba ta ce komai ba sai "ka rame", kuma ya gane abin da take nufi. Yaron zai karanta aibin ya gane sauran. Abin da Malam ya manta shi ne Inna ba ta da fili a jarida, kuma ba ta shekara ashirin tana koya wa mutane cewa abin da ta rubuta shi ne iyakar abin da ta gani ba.

Ya ɗauki hoton shafi na ɗaya da na huɗu da wayarsa ya aika wa Ja'afar. Sauran biyun ya ninke ya sa a cikin wani tsohon ƙamus. Ba a yi minti goma ba wayar ta yi ƙara.

"Malam, na ga na ɗaya da na huɗu. Ina jin na biyu da na uku ba su shigo ba."

"Haka suke. Kuskuren lamba ne."

Ja'afar ya ce, "Malam, ka gafarce ni, amma wannan bai yi kama da naka ba. Babu ko abu ɗaya da ya burge ka?"

"Ja'afaru, ni na koya maka sharhi ko kai ka koya mini?"

"Kai ne, Malam."

"To, buga."

Ranar Juma'a sharhin ya fito. Bayan an sauko daga masallaci dattawa suka yi ta miƙa wa Malam hannu. Alhaji Baƙo da kansa ya kira daga Kara ya ce, "Ka fita kunya, Mijinyawa, ka nuna kai ɗan gidanmu ne." Wasu matasa a waya suka yi ta yaba masa, wai ga mai gaskiyar da bai bar ko ɗansa ba. Malam ya karɓi duk wannan da sunkuyar da kai, a ransa kuwa yana jiran zuwan mutum ɗaya.

Sharfaddeen ya zo a ranar da ya saba zuwa. Ya durƙusa a bakin zaure, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jiki da gona da ciwon gwiwa, ya ajiye ledar lemo da ya kawo. Fuskarsa babu fushi, babu wani canji. Malam ya saki ajiyar zuciya ya ce a ransa, ka gani, ya gane. Bayan mako biyu ya sake zuwa, haka. Bayan wasu biyun ma haka, har aka gama shigar da dawa rumbu.

Hajaratu ce ta lura. Ranar zuwansa na huɗu, bayan ya tafi, ta tsaya a ƙofar zaure da tsintsiya a hannu.

"Malam, ka kalli hannunsa kuwa?"

"Me ya sami hannun?"

"Babu abin da ya same shi. Shi ne maganar. Shekara goma ban taɓa ganin faratan yaron nan babu fenti ba, har faɗa nake masa idan zai ci abinci. Yau wata biyu ke nan tas suke, kamar na ango."

Ta juya ta shiga ciki. Malam ya zauna bai motsa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka aiko masa cewa jikin Inna ya tsananta. Washegari bai jira komai ba, ya zaro shafukan nan biyu daga ƙamus ya sa a aljihu, ya hau mota.

Bai taɓa zuwa gidan ɗansa ba sai ranar ɗaurin aure, don haka sai da ya yi tambaya sau biyu a Gwarzo kafin ya gane lungun. La'asar ta wuce kaɗan. Sharfaddeen ya fito da sauri da ya ji sallamar, mamaki ya bayyana a fuskarsa, ya karɓi jakar mahaifinsa ya kai shi wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure ya shimfiɗa masa darduma. Matarsa ta kawo ruwa ta gaishe shi ta fita. Sai da Malam ya zauna idonsa ya saba da hasken ɗakin, sannan ya ga abin da ke jingine a bango. Alluna ne, an jera su a tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowanne fari fat.

"Sababbi ka sayo?" ya tambaya, ko da yake ya riga ya san amsar.

"A'a, Baba, tsofaffin ne. Na shafe su da farin fenti. Ɗalibaina ba su da abin koyon zane, yadi ya yi tsada. Idan an dawo daga hutu zan kai musu."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Malam ya ƙirga da ido, bai so ba amma ya ƙirga. Goma sha bakwai ne. Ya zaro takardun ya miƙa, ba tare da ya dubi yaron ba.

"Karanta wannan."

Sharfaddeen ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta a durƙushe, a hankali, ya kai ƙarshe ya koma farko. Malam yana jin ƙarar takardar, yana jin kukan akuyar maƙwabta, yana kallon saƙar dardumar da yake kai. Da yaron ya gama ya sauke takardun a kan gwiwarsa.

"Baba, Umma ce ta ce ka rubuta wannan?"

"Babu wanda ya ce. Rana ɗaya na rubuta su da waɗancan. Duba lambar shafin, na biyu ne da na uku. Ni na cire su." Ya yi gyaran murya. "Yayana ya yi wata magana. Na ga kamar ba zai yi kyau ba a ce ni ne... Na ɗauka za ka gane."

"Na yi ƙoƙarin in gane haka, Baba," in ji Sharfaddeen. Yana magana a hankali, kansa a ƙasa. "Na ce wa kaina alkunya ce. Mako guda ina faɗa wa kaina haka. Amma tun ina makarantar kwana nake yanke sharhinka ina tarawa, babu wanda ban karanta ba. Na ga ka yabi mutumin da kuka yi shari'ar gona da shi. Na ga ka nemo abu ɗaya mai kyau a littafin da kowa ya yi wa dariya. Ban taɓa ganin ka ga alheri ka ɓoye ba. Sai na ɗauko allunan na duba inuwar, haka take. Na duba saman, haka yake. Na je har kasuwar shanu na zauna ina kallo, saniya ta tashi a gabana da ƙafafun baya. Na ce tunda duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin da bai faɗa ba babu shi ne."

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

"Za a buga waɗannan," ya ce da sauri. "Gobe zan aika wa Ja'afar. Zan rubuta cewa ni na yi kuskure, kowa ya ce abin da zai ce. Kai kuma ka sake zana su. Ai hannunka ne, yana nan."

"Wa zai je ya ga me, Baba? Sharhin abin da babu shi?" Ya ɗan yi murmushi marar daɗi. "Kuma na gwada. Bayan na shafe na ƙarshen na yi nadama, na ɗauko burushi in dawo da ko dangwalin ne. Da can idan na rufe ido rugar nake gani, hannuna ya bi. Yanzu idan na rufe ido ina tambayar kaina ina inuwa za ta faɗi. Na zauna tun safe har azahar ban ja layi ɗaya ba."

Ya ninke takardun yadda suke a da, ya daidaita gefensu, ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu kamar yadda ya karɓa. Malam bai karɓa ba, don haka ya ajiye su a hankali a bakin darduma.

"Ka yi fushi da ni," in ji Malam. Roƙo ne, ba tambaya ba, kuma a karo na farko ya dubi fuskar ɗansa sosai.

"Wallahi ban yi ba, Baba. Da fushi ne da tuni ya huce." Ya sunkuyar da kai. "Yarda na yi da kai."

Malam Mijinyawa ya buɗe baki, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa a kan aikin kowa ba, ya rufe. Hawaye suka zubo masa, bai nemi hankici ba. Sharfaddeen ya kawar da kai don kada ya ga kukan mahaifinsa, ya tashi a hankali ya ce bari ya je ya ce a ɗora girki har da mahaifin nasa.